Rijiyar Shekarar Ƙanƙara

Jiya a bakin tasha na ji ɗaya daga cikinku yana cewa haƙar rijiya ba sana'a ba ce, wai rami ne kawai, duk wanda ya ci tuwo ya ƙoshi zai iya. Ban tanka masa ba, don ina sauri. Yau tun da kun zo kun zauna mini a tabarma, sai ku saurara. Ba na jin haushinku. Kun buɗe ido kun tarar mota tana zuwa da inji, ta huda ƙasa, a dasa famfo, kafin a jima yara suna wanka. Wanda ya tashi a haka dole ya ɗauka ruwa a kusa yake. Mu da hannu muka bi shi, kuma sau da yawa yana da nisa.

Ni Idi a nan Matameye aka haife ni, kuma a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Mato, na koyi aikin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. Lokacin Faransa ke mulki, da sauran ƴan shekaru kafin su tafi. Rijiyar siminti sai ta kumandan, Baturen mulki, da ta wasu manyan garuruwa. Sauran duniya kuwa, in ana son ruwa, irinmu ake aika wa.

Aikina na farko yasa ce, a gidan wani marini can gabas da kasuwa. Rijiyarsa ta cika da laka da tsofaffin guguna. Na zo ina ɗoki, na tuɓe riga zan shiga, sai Kawu ya miƙo mini igiya ya ce, "Kai nan ne wurinka." Rani biyu na yi ina ja, ban taɓa sa ƙafa cikin rami ba. Kowace safiya sai na bi igiyar nan ta kaba da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, ina neman inda ta fara sako gashi. In na samu, a yanke a sake tufka. Kawu yakan ce wanda bai san nauyin mutum a igiya ba, bai kamata wani ya riƙe masa tasa ba. A nan kuma na koyi dokarsa babba: in mutum yana ƙasa, na sama ba ya hira. Na ƙasa ne kaɗai ke da baki. In ya ce "ja" a ja, in ya ce "saki" a saki, in ya yi shiru da yawa a kira sunansa.

Kayan aikin ba su da yawa, jaki ɗaya yana ɗauke su. Akwai dagi, ƙarfe mai kaifin baki a kan sanda, shi ke fasa ƙasa mai tauri. Akwai fartanya mai guntuwar ƙota, don a cikin rami ba wurin ɗaga hannu. Akwai gugan fata na fitar da ƙasa, da masaki wanda na ƙasa ke kifawa a kai lokacin da guga ke hawa, don ko tsakuwa ƙarama in ta faɗo daga nisa tana fasa kai. Sai karan awo, wanda kake juyawa a tsakiyar rami don kada rijiya ta tsuke ko ta buɗe, da dutse a bakin zare mai nuna maka ko ka fara karkacewa. Da fitila kuma. Tsohuwar rijiya tana riƙe muguwar iska. Kafin mutum ya shiga sai a zura fitila, in ta mutu ba mai sauka. Sai a ɗaure rassan kalgo masu ganye a igiya, a yi ta zurawa ana fizgowa har iskar ta canja.

Wata rijiya da muka yi a wajen Dawce ita ta koya mini ɗauri. Ƙasarmu jigawa ce, sama duk rairayi. Kana haƙa yana biyo ka. Don haka ba a nisa sai an ɗaure: a jera itacen kirya a kewaye, wannan ya hau kan wancan, a cusa gamba a bayansa ta tare rairayin. Kirya muke nema domin ruwa ba ya cin ta, gara ma tana jin tsoronta. A Dawce na yi gaggawa, na bar rata kamar tafin hannu tsakanin itace biyu, Kawu ya leƙo ya gani, ya sa na kwance aikin wuni guda. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe kai ne a ƙarƙashinsa."

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Masu lambu na Korama su ne masu sauƙi, ruwansu a kusa yake, kuma sukan sallame ka da rake da albasa. Akwai wanda zai tsaya a bakin rami tun safe yana tambaya ko an kai, yana turo maka ƙasa da ƙafarsa bai sani ba. Wani Alhaji a Ɗan Barto ya so a haƙa masa dab da bayan gidansa, don matan gidan su huta da tafiya. Kawu ya taka wurin, ya ga ramin shadda ba nisa, ya ce, "Alhaji, a nan ba zan haƙa ba. In an matsa can gindin tsamiya, gobe mu fara." Alhaji ya ce gidansa ne. Kawu ya ce haka ne, ya ɗora kaya a jaki. Ba mu kai bakin gari ba aka biyo mu.

Amma wadda nake so in ba ku labari ita ce ta muguwar shekara. Ina da aure lokacin, har da ɗiya ɗaya. Ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin fitar da kai, bai sake dawowa ba. Aka yi girbi abin tausayi, wani gonarsa duka ba ta cika masa rumbu rabi ba. Tafkuna suka ƙafe tun kafin a gama kai kara gida. Maza suka fara tafiya cin rani Kano da Katsina tun ba lokaci ba. Mu a ƙa'ida sai bazara muke son haƙa, don ruwan da ka samu a tsakiyar zafi shi ne ba zai gudu ba. Shekarar nan sanyi bai gama shigowa ba aka fara sallama a ƙofar Kawu.

Wani ƙaramin ƙauye ne arewa da Dungu. Mai garinsu da kansa ya zo, dattijo mai farin gemu da tattausan harshe. Ya ce rijiyarsu ɗaya ce, tun ta kakanni, kuma ta ƙafe ƙaf. Mata ke tashi da asuba su nufi Korama da tuluna, ba sa dawowa sai rana ta take. Ya ce in ba a sami ruwa ba kafin zafi, garin zai watse, don har wasu sun fara maganar ƙaura. Kawu ya je ya duba tsohuwar, ya ce ba ta gyaruwa, ɗaurinta ya ruɓe. Ya zaga garin, ya tsaya a wani kwari inda gawo ke da yawa, ya dasa karan awo. Aka shirya mu biyu za mu haƙa, mazan da suka rage a garin su riƙa ja mana igiya bi da bi, mai gari ya ciyar da mu.

Kawu yana fama da ƙirji shekarar, saboda haka ni ne a ƙasa yawancin lokaci, shi yana sama yana kula da ɗauri da igiya. Muka wuce rairayi, muka wuce jar ƙasa, muka faɗa marmara. Marmara ba ta zubewa, wannan kyaunta ke nan, amma dagi ke tsalle a kanta. Wuni guda za ka yi ka fito da abin da bai fi ƴan guguna ba. Masu ja suka fara gajiya da zaman jira. Biyu ne ba su taɓa fashi ba. Ɗaya Nomau, magidanci mai ƙarfi wanda gidansa ke kusa da kwarin. Hatsinsa ya mutu, wakensa bai yi ƴaƴa ba, amma ya sami harawa mai yawa, ya ɗaure ta dami-dami ya jera a kan wata doguwar rumfa. Da ita yake kiwon sa ɗaya da raguna, da ita kuma yake sa ran musanyar hatsi in rani ya yi nisa. Ɗayan kuma tsohon soja ne, Illo, kowa Sarjan yake ce masa. Ya yi yaƙi a ƙasar Faransa, ya dawo yana ɗingishi.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ina ƙasa. Wanda ke cikin rijiya sararin sama a wurinsa bai fi faifai ba. Na ɗaga kai na ga faifan nan ya yi baƙi. Na ce ko wani ne ya leƙo. Sai na ji wani abu ya buge ni a kafaɗa, wani a hannu, mai sanyi. Na kifa masaki a kai, sai ƙara kamar ana zuba mini tsakuwa. Na ɗauki ɗaya na duba, fara ce kamar ƙwan kurciya, tana narkewa a tafina. Sai muryar Kawu: "Idi, bar kayan! Kama igiya!"

Da na fito ban gane kwarin ba. Ƙasa ta yi fari fat, har gindin gawo, kamar an shanya auduga. Ƙanƙara ce, a tsakiyar sanyi, lokacin da ko hadari ba a sa rai. Ba ta daɗe ba ta tsaya, sai ruwa ya biyo baya, mai ƙarfi, na kamar tsawon cin abinci. Garin duka ya fito. Mata suna kwasar ƙanƙara da ƙwarya da kasko suna zubawa a randa, wasu sun tara tukwane a bakin indararo. Tsofaffi suna ɗaga hannu suna hamdala. Wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda ita ce gaba in za a tafi Korama, ta zauna a ƙofar ɗakinta da ƙwarya a cinya tana tauna ƙanƙara tana dariya.

Mu ba mu sami damar kallo ba. Kwari ne, duk ruwan da ya sauka can zai gangaro. Kawu yana tari yana ba da umarni: a tuge zana a rufe bakin rijiyar, a ja ƙasar da muka fitar a yi mata kunya a kewaye. Ni da shi da Sarjan muka yi ta yi da hannu da fartanya. Nomau ya riga ya ruga wajen rumfarsa. Duk da haka ruwa ya sami hanya ta gefen yamma, ya shiga bayan ɗaurin sama.

Washegari ba wanda ya zo jan igiya sai Sarjan. Kududdufin bayan gari, inda suke ɗibar ƙasar gini, ya tara ruwa har gwiwa. Da la'asar mai gari ya tara mutane a ƙofar gidansa, aka kira mu. A nan na ga yadda abu ɗaya ke faɗowa daga sama ya zama abu goma a bakin mutane. Wani ya ce alama ce damina mai zuwa za ta yi kyau. Wani ya ce a'a, ruwan da ya zo ba lokacinsa ba daga na damina ake cire shi. Wani mai ɗan lambun taba ya ce ganyensa duk ya zama tsumma. Wani tsoho ya ce tun da aka haife shi bai ga haka ba, kuma sai da aka taɓa kwarin nan abin ya zo, a yi tunani. Samari kuwa suka ce tun da mata sun sami na ɗiba a kusa, su za su kama hanyar Kano, in an dawo a ƙarasa rijiya.

Nomau yana gefe, bai zauna ba. Ya ce, "Ku kuna ta godiya. Ku zo ku ga rumfata. Ƙanƙara ta kakkaɓe ganyen, ruwa ya shiga cikin damin. Ga rana ta ƙi fitowa. Me zan ba dabbobi? Me zan ba yara?"

Mai gari ya ce, "Haƙuri, Nomau. Rahamar Allah ce, ba a yi mata tsaki."

"Ban yi tsaki ba, ranka ya daɗe. Na faɗi abin da ta yi mini ne."

Mai gari ya juyo wajen Kawu ya ce, "Mai rijiya, kai me ka gani?"

Kawu ya tsuguna nan gabansu ya tona ƙasa da hannu. Bai wuce tsawon yatsunsa ba ya fito da busasshen rairayi, ya buɗe tafinsa ya bar shi ya zube. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iyakarta ke nan. Ni ma na gode wa Allah, na sha kuma na ji daɗi. Amma ba ta isa inda ruwanku yake ba, ko kusa. Kududdufin nan ƴan kwanaki ne. In aka bar ramin yadda yake, gefen da ya jiƙa zai zube, a koma farko."

Sai Sarjan ya gyara zama. Mutum ne da ba ya son labarin yaƙi, mutanen garin ma sun daina tambayarsa. Ya ce, "Ni na ga uwar wannan. Can ƙasar Faransa tana zuba da sanyi, ba dutse-dutse kamar tamu ba, laushi gare ta kamar dusa, ba ta ƙara ko kaɗan. Nej suke ce mata. Ka kwanta duniya baƙa, ka tashi fara, har gwiwa. Kuma ba ta narkewa, sai ta yi watanni." Ya tuɓe takalminsa na dama, kowa ya ga inda yatsu suka guntule. "Ita ta ci waɗannan, ba harsashi ba. Ba safiyar da ban tsine mata ba. To akwai wani tsoho manomi da aka sauke mu a ɗakin dabbobinsa. Shekarar su ma sun yi fari. Ranar da ta fara zuba, muna ciki muna rawar ɗari, sai ga tsohon nan ya fita tsakar gida ya cire hula, ya ɗaga fuska sama yana murna kamar an yi masa haihuwa. Na ce wannan ya taɓu. Wani da ke jin harshensu ya tambaye shi, ya ce ita ce ke cika musu rijiyoyi."

Kawu ya matso. Ban taɓa ganin ya ƙosa da maganar wani kamar ranar ba. "Tsaya, Sarjan. Ka ce watanni take yi a kwance?"

"Watanni."

"Ba ta gangarawa kwari?"

"Ina za ta? Tana nan inda ta faɗi. In zafi ya fara sai ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan."

"Ƙasa tana sha a hankali ke nan," in ji Kawu. Ya girgiza kai. "Kai, masu rijiyar ƙasar can sun huta."

Aka yi dariya, har mai gari. Sarjan ya mayar da takalminsa ya ce, "Ni da tsohon nan duka gaskiya muka faɗa, ƙafata ga ta, rijiyarsa ga ta. Amma tamu ta jiya ba irin tasu ba ce. Ta zo a tsaye ta tafi a tsaye. Ni gobe ina bakin rami."

Maganar ta yi daɗi a kunne, amma ba ta tsayar da kowa ba. Kafin kwana biyu samarin sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba, rumbunan gidajensu ba komai. Masu tsoron kwarin suka ƙi zuwa. Muka tsaya mu uku muna kallon rami. Mutum biyu ba sa jan guga cike da marmara daga wannan zurfin, balle su fizgo mutum in wani abu ya taso, ga Kawu ba lafiya, ga Sarjan da ƙafa ɗaya da rabi.

Da hantsi sai ga Inna Hajo, bayanta mata kamar goma, kowace ta ɗaure zane tamau. Ta ce, "Mai rijiya, ina igiyar?"

Kawu ya ce, "Inna, wannan ba jan guga ba ne. Ran mutum ne a ƙasa."

Ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake jan igiya. Da ba mu zo ba don muna hanyar Korama ne tun asuba. Yanzu ruwan nan ya ba mu hutun ƴan kwanaki. Mun san zai ƙare, mu muke ɗibarsa, muna ganin yana ja baya. Gara mu kashe kwanakin a nan da mu zauna muna jiran ranar komawa."

Kawu ya gaya mata dokar shiru. Ta juya ta dubi matan ta ce, "Kun ji. Wadda ta yi magana, ni da ita." Na yi aiki da masu ja da yawa a rayuwata, ban taɓa samun masu sauraro kamar matan nan ba. Kafin in rufe baki guga ya tashi.

Amma kafin in sake sauka sai da aka gyara gefen yamma. Gambar da ke bayan ɗaurin ta jiƙa, rairayi ya kumbura ya turo itace uku ciki. Kawu ya ce ba mai wucewa ta ƙarƙashinsu. Aka kwance, aka yaye jiƙaƙƙen rairayin, sai ya zama ramin ya ƙara faɗi a nan, itacenmu ya yi gajarta. Kirya kuwa ba ta kusa, sai an yi tafiyar yini. Muna cikin wannan shawara sai ga Nomau ɗauke da dogon itace a kafaɗa. Ya jefar, ya koma, ya kawo wani. Ginshiƙan rumfarsa ne, kirya tsohuwa, busasshiya, irin wadda gatari ke tsalle a kanta.

Kawu ya ce, "Nomau, rumfarka fa?"

Ya ce, "Me zan ɗora a kai? Harawar ta yi funfuna, ko jaki ya ƙi ta. Rago ɗaya ya ci ya kumbura, na yanka shi jiya. San da sauran na kai wa wani Bafillace. Jibi zan kwashi iyali mu tafi. Ku sa su a rijiya, sun fi amfani a can."

Ya taya mu jera su da hannunsa. Ranar da ya faɗa kuwa ya tafi, matarsa da kaya a ka, yara a kan jakin aro.

Daga nan aiki ya koma yadda aka san shi. Ni a ƙasa, Kawu a baki, Sarjan a gaban igiya yana ba da ƙarfi, mata a bayansa. Marmara ta ƙare, muka shiga wata farar ƙasa mai danƙo. Kududdufi yana ta ja baya, ya koma laka, har mata suka fara raba kansu, rabi Korama rabi igiya. Wata safiya na kafa dagi na ji ya shige da sauƙi, na zaro shi bakinsa da yashi mai sanyi. Na dunƙula yashin a hannu, ya riƙe. Na saka a guga na ce a ja. Can sai na ji Kawu daga sama, a hankali: "Ci gaba. Kada ka yi sauri."

Idon ruwa ba ya ɓullowa da ƙarfi yadda kuke zato. Tsattsafowa yake yi ta gefe, kamar gumi, ya taru a sawun ƙafarka. A nan aikin ya fi wuya, don dole ka ci gaba da haƙa cikin ruwa, ana kwashewa kana nitsawa, kana ɗaure ƙasan da itace, har ya kai maka ƙirji. In ka tsaya da ganin farko, zafi na zuwa ya gudu. Sai da muka ƙara kwanaki a haka. Ranar da Kawu ya ce ya isa, aka zura sabon guga, aka miƙa wa mai gari. Ya ce a ba Inna Hajo. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce, "Ba kanwa." Sannan matan suka yi guɗar da suka riƙe tun ranar farko.

Garin bai watse ba. Zafin shekarar ya yi tsanani, har makiyaya suka riƙa biyowa ta nan da dabbobi, rijiyar ta ɗauke su. Kawu bai sake haƙa wata babba ba bayanta, ƙirjin ya zaunar da shi, kayan suka dawo hannuna. Na sha komawa garin don yin yasa. Duk zuwa sai an tayar da zancen ƙanƙara, kuma ba su taɓa daidaitawa ba. Mata suna cewa ba don ita ba da ba su sami hannun jan igiya ba. Mai taba har ya mutu yana cewa masifa ce.

Bayan wasu shekaru na je cin rani Kano, ina yasar rijiyoyi a gidajen Fagge. Wata rana na fito daga wani gida duk jikina laka, ina neman ruwan da zan wanke in yi azahar. Sai ga ɗan garuwa tafe, sanda a kafaɗa, garwa biyu suna lilo. Na kira shi. Ya sauke, ya ɗago kai, muka tsaya muna kallon juna. Nomau ne. Ya rame, furfura ta fito masa, kafaɗarsa ta yi kanta.

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce suna nan Kurna, yaran sun girma. Sai ya ce, "Idi, an sami ruwa?"

Na ce, "An samu. Mai daɗi, ba kanwa."

"Itacena fa?"

"Yana nan inda ka sa shi. Bara na taka shi na sauka, bai motsa ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Har yanzu suna cewa rahama ce?"

Na ce, "Suna cewa."

Ya ce, "To, su faɗa, sun ga abin da suka gani. Ni dai ta tashe ni daga garin ubana." Ya karkato garwa ya ce, "Miƙo hannu."

Ya yi ta zuba mini har na wanke lakar duka, na yi alwala. Sannan ya gyara sanda a kafaɗa, garwa ɗaya cike ɗaya rabi, ya karkace ya bi lungu yana kiran masu saye.